Baƙin ƙudan da ke huda katakon rumfa

Mai gida ya fito da hantsi ya tarar da garin katako ya zubo kan tabarma a ƙarƙashin rumfa. Ya ɗaga kai, sai ga rami a jikin sandar rufi, zagayayye sumul kamar da na'ura aka huda shi, faɗinsa ya ishi ɗan ƙaramin yatsa. Yawanci gara ake fara zargi. Amma gara tana bin itace ne da ginin ƙasa, tana cinye shi ta ciki. Wannan aikin wani ƙaton ƙuda ne, dangin ƙudan zuma, wanda masana ke kira Xylocopa, wato mai saran itace a harshen Girka. Akwai irinsa wajen 500 a duniya.

Gane shi ba wuya. Ya fi ƙudan zuma girma nesa ba kusa ba, ƙuginsa kuma tun daga zaure ake jinsa. Macen baƙa ce wuluk, bayanta na sheƙi, wasu da gashi rawaya a kafaɗa. A wasu nau'o'in Afirka namijin rawaya ne gaba ɗaya, har a ɗauka ba jinsi ɗaya ba ne. Shi ne ke shawagi a fuskar mutum yana kurari, alhali ba shi da ƙari ko kaɗan. Mai harbi ita ce macen, ita ma sai an damƙe ta ko an tura yatsa a raminta.

Ba cin itacen take yi ba, fafe shi take da muƙamuƙanta tana zubar da garin. Idan ta shiga kamar santimita 2, sai ta yi kwana ta bi tsawon katakon. Can ciki take cuɗa garin fure da ruwan zaƙinsa ta yi curi, ta ɗora ƙwai ɗaya a kai, ta toshe da taunannen katako, sannan ta fara wani ɗakin. Haka ɗakunan ke jeruwa kamar gaɓoɓin kara. Ba sarauniya, ba saƙa, ba zumar da za a ɗiba.

Rami ɗaya ba ya kayar da rumfa. Ɓarnar tana zuwa ne idan 'ya'ya da jikoki suka riƙa dawowa sanda guda shekara da shekaru suna ƙara rassa, ga ruwan damina yana shiga. Busasshen katako mai taushi da gora, waɗanda ba su ga fenti ba, su ta fi so.

Duk da haka, feshe ta da magani asara ce ga manomi. Furen tumatir da na gauta ba sa sakin garinsu da kyau sai an girgiza su, ita kuwa takan rungume furen ta kaɗa jikinta har garin ya zubo, abin da ƙudan zuma ba ya iyawa. A Kamaru masu bincike sun ga wake ya fi yin 'ya'ya inda take ziyartar furensa.

Abin da ya fi shi ne a shafa wa sandunan rumfa fenti tun suna sabbi. Tsohon rami kuma a bari sai an tabbata 'ya'yan sun fice, a cusa guntun itace a toshe. Wanda ke da fili a bayan gida ya jingine mata busasshen gungume kusa da lambu.