Gargaɗi ga Masu Babura: Kada Ku Sa Shokar da Ta Fi ta Asali Tsawo

'Yan acaɓa, manoma da bakanikai na Birnin Gwari, Kuyello, Dogon Dawa, Randagi da kewaye, a saurara da kyau. Tun da aka sake buɗe kasuwar Kara a ƙarshen 2024 zirga-zirga ta ƙaru, da kaka kuma babura na ta jigilar masara da waken suya daga gonakin bakin daji. Wata ɗabi'a mai haɗari tana yaɗuwa: a cire shokar baya ta asali a ɗaura doguwa, wai don babur ya ɗauki buhu biyu bai durƙusa ba. A daina.

Doguwar shoka ba ta ƙara wa babur ƙarfin ɗaukar kaya. Ɗaga baya kawai take yi, gaba ya sunkuya, kan babur ya koma rawa da ya shiga yashi ko gargada. Mafi muni shi ne abin da take yi wa sarƙa. Idan bakanike ya gyara sarƙa babur na tsaye babu kowa a kai, za a ga ta yi daidai. Da an ɗora kaya, ƙarfen da ke riƙe da tayar baya ya miƙe, sai sarƙar ta ɗaure tamau. Rami ɗaya ya isa ya tsinke ta, ko ta ci boris ɗin giya a hankali. A kan Boxer da ire-irensa masu birkin baya na sanda, canjin tsawon yana iya taɓa wasan birki, har taya ta riƙa kamawa ba a taka ba. Kowa ya san tsakanin Udawa da Buruku, ko gefen dajin Kamuku da yamma, ba wurin tsayawa gyaran sarƙa ba ne.

Gajeruwa ma ba ta da alheri: taya za ta riƙa dukan madigadi.

Don haka wanda shokarsa ta mutu ya kwance tsohuwar ya tafi da ita shago. A auna daga tsakiyar ramin noti na sama zuwa tsakiyar na ƙasa, sabuwar ta zo daidai da wannan awo. "Ai za ta shiga" ba awo ba ne. A sauya ta dama da ta hagu tare, ko da ɗaya ce ta zubar da mai.

Abin da mai kaya yake nema yana jikin shokar da yake da ita. A ƙarƙashin sifirin akwai zobe mai haƙora kamar matakala, yawanci biyar. Juya shi sama yana matse sifirin tun kafin a hau, sai baya ya rage nutsewa. Ba ya sa sifirin ya ƙara tauri, kuma ba ya mayar da babur a-kori-kura. Kayan da suka fi ƙarfin babur sun fi ƙarfinsa ko an kai haƙori na ƙarshe.

Ga yadda ake saitawa. A ɗora babur a kan sitan na tsakiya, tayar baya na lilo, a auna daga aksil zuwa wani wuri a jikin kariya. A sauke shi, mai babur ya hau da kayan da ya saba ɗauka, wani ya sake aunawa. Nutsewar ta zama kusan kashi ɗaya cikin uku na iyakar tafiyar tayar baya sama da ƙasa, wato wajen santimita 3 a ƙananan baburanmu. In ta wuce haka, a ƙara haƙori ɗaya a sake gwadawa. In an sauke kaya za a koma gida wayam, a mayar da zoben ƙasa, in ba haka ba taya za ta riƙa tsalle ta rasa riƙon ƙasa wajen birki.

Dama da hagu su zauna a haƙori ɗaya. Ana ganin babura da yawa gefe guda a na biyu, ɗayan a na biyar, mai shi kuma yana zagin hanya saboda babur na ja gefe a kwana.

Bakanikai, Allah ya taimake ku, wannan amana a hannunku take. Duk wanda ya riga ya sa doguwar shoka, ku mayar masa da mai tsawon asali, sannan ku duba wasan sarƙa da na birki yana zaune a kan babur da kayansa kafin ya bar gareji.