3.4 Kuɗin da Hayar Kwamfutar Gajimare Ke Ci a Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai

Kamar yadda aka bayyana a sashen da ya gabata, abin da ake nufi da gajimare a fagen kwamfuta shi ne kamfani ya daina ajiye babbar kwamfuta a ofishinsa, ya koma hayar wuri a kwamfutocin wani kamfani da ke nesa, yana isa gare su ta intanet. Kamfanin Amazon ya buɗe irin wannan haya a shekarar 2006, Microsoft kuma a 2010. A wannan sashe za a duba abin da hayar ke ci daga aljihun mai masana'anta a Kano, domin farashin da ake gani a takardar talla wani yanki ne kawai na abin da zai biya.

A tsohon tsari, kamfani kan sayi na'ura sau ɗaya, ya yi shekaru yana ajiye lissafin albashi da na sito da na abokan ciniki a cikinta. A sabon tsari kuwa mita ake kafa masa, tamkar ta wutar lantarki. Ana cajin awannin da kwamfutar haya ta yi a kunne, da yawan bayanan da aka ajiye, da kuma yawan waɗanda aka fitar. Shigar da bayanai galibi kyauta ne, fitar da su ne ake biya. Don haka idan ma'aikaci ya manta bai kashe wata kwamfutar gwaji ba ranar Juma'a, mitar za ta yi ta juyawa har Litinin, ba kuwa wanda zai sani sai takardar kuɗi ta iso a ƙarshen wata.

Babbar matsala ita ce da dalar Amurka ake yanke farashin. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da take wajen Naira 460 a hukumance ta kai wajen Naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Alal misali, kamfanin da ke biyan hayar dala 500 a wata, da Naira 230,000 yake fitarwa, sai ga shi yana fitar da Naira 750,000, alhali bai ƙara ajiye komai ba. Ga kuma harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kai.

Sai dai wannan nauyi bai faɗo wa kowa daidai ba, kuma a nan ne bambancin unguwannin uku ya fito fili. Kamfanonin jimar fata na Challawa da ke fitar da kayansu zuwa Turai da Asiya da dala ake biyan su, wato da kuɗin da suke samu da shi suke biyan hayar. Amma mai yin bokitin roba da tabarma a Sharaɗa, ko mai yin alewa da man girki a Bompai, wanda dillalan kasuwar Singa da ta Sabon Gari suke sarin kayansa da Naira, kullum a tsakiya yake: samu da Naira, biya da dala. Gaskiya ne Amazon ya fara karɓar Naira a watan Janairu na 2025, kuma wannan ya rage wahalar neman canji, amma bai raba farashin da dala ba.

Haka kuma, akwai masu zaton komawa gajimare zai raba su da matsalar wuta. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ɗakin babbar kwamfuta yana buƙatar na'urar sanyaya ɗaki da janareta dare da rana, ga shi a watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin A zuwa Naira 225 kowane yunit. Wannan ɗawainiya ta ragu. To amma tsugune ba ta ƙare ba, saboda akanta da mai kula da sito suna nan a Kano, kuma sai da wuta za su kunna kwamfutocinsu. A watan Oktoba na 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi sama da mako a duhu, bayanan suna can lafiya lau, amma isa gare su sai da man dizal.

Bugu da ƙari, intanet da a da ake ɗauka abin ƙawa ya zama jijiyar ofis. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku a gaɓar Legas suke sauka, kimanin kilomita 1,000 daga Kano, manyan cibiyoyin Amazon da Microsoft da Google na wannan nahiya kuma a Afirka ta Kudu suke. Ranar 14 ga Maris 2024 wasu daga cikin wayoyin sun lalace a tekun Afirka ta Yamma, har bankuna suka shiga matsala. Masana'antar da rasit ɗinta ba ya fitowa sai da intanet, a irin wannan rana motar kaya sai ta yi ta jira a bakin ƙofa. Saboda haka ya zama dole a riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, kuɗi biyu ke nan, kuma a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari.

Akwai kuma kuɗin fita, wanda ba kasafai manajoji kan yi tunaninsa a ranar shiga ba. A shekarar 2024 Google da Amazon da Microsoft sun yafe kuɗin kwashe bayanai ga wanda zai bar su gaba ɗaya, bisa wasu sharuɗɗa. Ladan injiniyan da zai sake shirya lissafin shekaru a sabon wuri, da kwanakin da ofis zai yi yana aiki da biro da takarda kafin a gama, suna nan a wuyan mai masana'anta.