Akwatin bayan moto: wane za a saya, yaya kuma ake ɗaura shi?

A Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai yanzu ana yawan ganin ƙananan motoci masu ƙafa biyu, irin waɗanda ake ce ma roba-roba, ɗauke da akwati a baya. Malamar makaranta ta sa littattafai, ma'aikacin lafiya ya sa takardu, wani kuma kaske kaɗai yake ajewa in ya shiga kasuwa. Abin yana da amfani. Sai dai mutane da yawa girman akwati suke kallo wajen saye, alhali ba nan maganar take ba.

Girman akwati da lita ake faɗinsa. Mai lita 28 zuwa 30 yana cin kaske ɗaya mai rufe fuska duka, mai lita 45 zuwa sama yana cin biyu. Amma lita faɗin ciki ce, ba nauyin da akwatin ke iya ɗauka ba. Kamfanin Givi na ƙasar Italiya, ɗaya daga cikin sanannun masu ƙera waɗannan akwatuna, yana da iri biyu. Monolock na ƙananan moto ne, kuma kilo 3 kaɗai kamfanin ya yarda a zuba a ciki. Monokey na manyan moto ne, shi ke kai kilo 10. To kilo 3 nawa ne? Tiyar hatsi ɗaya da ɗan ƙari. Ko ku ce ledar ruwan sanyi shida, masu rabin lita. Ke nan wanda ya juye jakar ruwa mai leda 20 cikin ƙaramin akwati ya ɗora ma shi kilo 10, fiye da ninki uku na abin da aka yarda.

Kuma ba akwatin ne ke fara karyewa ba, kariyar da ke ƙarƙashinsa ce. A roba-roba da yawa, ƙarfen baya an yi shi ne don wanda aka goya ya riƙe, kuma da alminiyom ake zuba shi. In an duba da kyau, wani lokaci za a ga an rubuta iyakar nauyi a jikinsa. Wannan iyaka ta haɗa har da nauyin akwatin kansa. A nan ne akwatin alminiyom mai kusurwa huɗu, wanda matasa ke so saboda kyau, yake cutar mai ƙaramar moto: ko ba kowa a ciki ya kan kai kilo 5, ya cinye rabon kaya tun ba a zuba komi ba. Na roba ya fi sauƙi, shi ya fi dacewa da irin wannan moto. Laifinsa ɗaya, mai arha rana na busar da shi har ya tsage wajen maƙalar murfi. Kafin ku biya, ku danna murfin da hannu, ku ga ko akwai robar da ke zagaye baki don tare ƙura da ruwa, ku gwada makullin sau da yawa.

Akwai kuma maganar tuƙi. Akwatin yana zaune sama, bayan tayar baya. Duk nauyin da aka sa can yana rage ma tayar gaba riƙon ƙasa, sai kan moto ya dinga rawa. Bisa kwalta mutum na iya jurewa. Cikin rairayi ko bisa hanyar latarit mai ƙunya-ƙunya, nan ake faɗuwa. Kaya masu nauyi wurinsu ƙarƙashin sirdi ne ko tsakanin ƙafafu.

Ɗaurawa ba ta da wuya. Akwatin kirki yana zuwa da faranti, da ƴan ƙarafa da ke kama kariya ta ƙasa, da noti huɗu. Galibi sufana lamba 10 ce ke aikin. A aza farantin daidai tsakiya, a ɗaura notin sako-sako tukuna, a sa akwatin, sa'an nan a gwada abu biyu: sirdi na buɗewa har ƙarshe? Don a yawancin waɗannan moto bakin tankin esansi na ƙarƙashinsa. Wanda aka goya kuma, ya samu wurin zama ba tare da akwatin ya tokare mai baya ba? In sun yi, a ƙara matso da shi gaba iyakar yadda ya yiwu, a tabbata bai rufe fitilar baya ba, a ɗaure notin ɗaya bayan ɗaya, ana tsallakawa daga kusurwa zuwa kusurwa. A nemi noti mai roba a ciki, shi girgiza ba ta kwance shi da sauri. Bayan kwana biyu ko uku na tafiya a sake bin su da sufana. In kariyar ba ta da ƙarfi, gara a kai ma mai walda ya yi sabuwa ta baƙin ƙarfe wadda ta kama jikin moto, da a huda robar akwati a ɗaure da waya.

Lokacin zafi, baƙin akwati da ya wuni cikin rana tanda ne. Kar a bar magani, salula ko kwalbar esansi a ciki. Makulli kuma in ya fara cijewa saboda ƙura, kar a ɗiga mai baƙin mai, ƙurar zai ƙara tarawa. A goga bakin fensir a jikin ɗan makullin.

Ku kuma da ke Libiya, Aljeriya, Kwaddibuwa ko Faransa, in za ku aiko ma iyali akwati, ku sa a ɗauko muku hoton bayan moton tukuna. Ku haɗo shi da farantinsa da ƴan makullinsa biyu, don galibi farantin wani kamfani ba ya kama akwatin wani, kai ko a Givi ɗin ma akwatin Monokey ba ya zama bisa farantin Monolock.