Aikin Gwamnati: A Auna Shi da Abin da Ya Shiga Rumbu

'Yan'uwa manoma, duk lokacin da aka taru a ƙungiya aka ta da zancen gwamnati, sai mu ji ana cewa, "Wane mutumin kirki ne, yana nufinmu da alheri." To, watakila haka ne. Amma mu da muke noma mun san ba a yabon iri don kyan buhunsa. Sai an shuka, an jira kaka, an auna. Haka ya kamata mu riƙa yi wa shirye-shiryen gwamnati.

A shekarar 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa. A 1980 Shugaba Shehu Shagari, wanda ɗan ƙasarmu ne, tsohon malamin makaranta kuma, ya kawo nasa shirin na bunƙasa noma. Ba mu ce ɗayansu ya yi da mugun nufi ba. Amma duk da haka jiragen ruwa ba su daina sauke shinkafar waje a Ikko ba.

Babban misali yana nan kusa da mu, watau dam ɗin Goronyo da ke kan Gulbin Rima. An gama gina shi a 1984, ba a buɗe shi ba sai 1992. An gina shi ya riƙe ruwa mita miliyan 942 na murabba'in zurfi, domin noman rani, da ruwan sha, da tsare ambaliya. A yi masa adalci: birnin Sakkwato yana shan ruwansa, kuma da rani akwai masu albasa da tafarnuwa da shinkafa daga Goronyo har Wurno da suke dogara da ruwan da ake saki. Wannan riba ce, ba mu musu. Sai dai filin da aka gyara aka ja wa lambatu bai kai abin da aka tsara tun farko ba. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfin dam ɗin, ya cinye gonaki da gidaje a Goronyo da Wurno da sauran garuruwan bakin gulbi. A ranin 2018 kuwa ruwan ya janye ƙwarai har hankalin jama'a ya tashi. Ranar buɗe aiki akwai kiɗa da jawabi. Ranar yashe yashi da gyaran ƙofofi ba mai zuwa da makaɗa, shi ya sa ba a cika ɗokinta ba.

Na Bakolori ya fi wannan ciwo. An gama shi a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. Mutanen da ruwa ya ci gonakinsu suka nemi diyya, a 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka. Manoman fadama na ƙasa da dam ɗin kuma suka rasa cikar gulbi da suka saba noma shinkafa da ita. Su ma dole a sa su cikin lissafi, ko da ba su cikin takardar aikin.

Ga kuma wani aiki da ba a yi masa yawan shela ba: ƙananan rijiyoyin burtsatse na fadama da injin ban ruwa, waɗanda suka bazu tun shekarun 1980, shirin Fadama ya ƙara yaɗa su daga baya. Manomi ne da kansa yake sarrafa ruwansa, ba ya jiran a buɗe masa ƙofa. Shi ma yana da nasa rauni, gama tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin ban ruwa ya yi tsada.

Shawararmu ga ƙungiyoyin Achida da Rabah da kewaye ita ce, magatakarda ya ware littafi guda. In an zo da alkawarin taki, a rubuta ranar, da yawan buhunan da aka faɗa. In takin ya iso, a rubuta ranar da ya iso, da nawa ya shiga hannun 'yan ƙungiya, da kuɗin da aka biya. Takin da ya zo bayan gero ya yi kai, a rubuta shi haka nan. In bashi ne, a rubuta buhu nawa aka girbe, nawa ya rage bayan an biya. Ranar da mai neman ƙuri'a ya dawo, a ba shi tabarma da ruwa yadda ya dace da baƙo, sa'an nan magatakarda ya buɗe littafin ya karanta masa.