Daga Majajjawa Zuwa Injin Ban Ruwa

Idan shinkafa ta fara nuna a gonakin Kura da Bunkure, za ka ga yara da majajjawa suna korar tsuntsaye. Yaro ya sa dutse, ya yi ta juyawa, igiyar ta miƙe tsam kamar ana fizgarta daga hannunsa. Wannan fizgar ita masana kimiyya ke kira ƙarfin guje wa tsakiya. Christiaan Huygens, mutumin Holan, shi ya raɗa mata suna da Latinanci a 1659.

Sai dai a gaskiya babu abin da ke tura dutsen waje. Duk abin da ke tafiya, miƙewa yake so ya yi, igiya ce ke tilasta masa kewaye. Shi ya sa da zarar yaron ya saki, dutsen kan bi layin da yake fuskanta a daidai lokacin. Wanda ke cikin abin da ke juyawa ne kaɗai ke jin kamar ana tura shi, irin yadda fasinja ke mannewa jikin ƙofa idan direba ya sha kwana da gudu. Gudun kuma shi ne babba: in aka ninka shi sau biyu, fizgar sau huɗu take ƙaruwa.

Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, gangarowa yake da kansa ta manyan magudanai zuwa Kadawa da kewayenta. Amma manomin da gonarsa ke kan tudu, ko mai noman rani a bakin kogi ta wajen Madobi, da injin ban ruwa ya dogara. A cikin injin nan akwai farfela da ke juyawa sama da sau 3,000 a minti. Ruwa ya shigo ta tsakiyarta, ta wulwula shi, ya watsu gefe da ƙarfi, ba shi da mafita sai bakin mesa. Gurbin da ya bari a tsakiya kuwa, nauyin iskar da ke danne da ruwan rijiya shi ke turo wani ya cike shi. Nan ne amsar abin da kowane manomi ya sani a aikace: sai ka ɗura wa inji ruwa kafin ka tayar da shi. Iska ba ta da nauyin da farfela za ta wurga ta bar gurbin kirki. Haka kuma in ruwan rijiya ya yi ƙasa da kamar mita bakwai ko takwas, inji sai ƙugi kawai, mai yana ƙonewa a banza. Na daɗe ina ganin da ɗalibanmu a bakin injin nan aka fara koya musu wannan darasi, da ba su manta ba.

Kogi ma haka yake. A kowace kwana ta kogin Kano ko na Challawa, ruwa gaɓar waje yake bugu, ya ci gindinta ta zube, ya tara yashi a gaɓar ciki. Mai gona a bayan kwana kunya-kunya yake asara duk damina, na tsallake yana samun ƙari.

Duniyar kanta majajjawa ce. A yankin Kano, juyawarta na tafiya da mu sama da kilomita 1,600 a awa, alhali a ƙuryar duniya ta arewa da ta kudu ba a gusawa. Wannan ya sa ta kumbura ta tsakiya, faɗinta a ikwaita ya ɗara tsayinta daga ƙurya zuwa ƙurya da kusan kilomita 43. Jean Richer ya ga alamar haka a 1672, lokacin da agogonsa mai lilo, wanda aka saita a Faris, ya riƙa latti da minti biyu da rabi kullum a Kayen, kusa da ikwaita. Isaac Newton ya bayyana dalilin a 1687: juyawar da kumburin suna rage nauyin abu kusa da ikwaita. Buhun shinkafar da sikeli mai sifirin ya nuna kilo 100 a kasuwar Kura, in aka kai su tare ƙuryar arewa, sai allurar ta ƙara kusan rabin kilo, ba tare da an ƙara ko ƙwaya ɗaya ba.