Ko Kun Sani? Rufin Mota Mai Aiki da Man Birki

A ƙarshen shekarun 1940, motocin Cadillac da Buick na Amurka masu rufin da ake naɗewa suna da na'urar Hydro-Lectric: famfo guda ke tura mai ya ɗaga rufin, ya ja gilasai, ya matsar da kujera. Man kuwa na birki ne. Matsalarsa, yana shan danshi har tsatsa ta kama silindar na'urar, in ya ɗiga a jikin mota kuma sai ya cinye fenti. Shi ya sa masu gyaran tsofaffin motoci da dama ke komawa man giyar otomatik. Sai dai fa dole a sauya tiyo da robobi tukuna, domin robar man birki kumbura take yi idan man giyar ya taɓa ta.