Wa Zai Shaide Ka a Garin da Ba a San Ubanka Ba?

Ranar da ɗan yayata ya ce zai je wurin 'yan sanda a ɗauki zanen yatsunsa, uwarsa tana tankaɗe a tsakar gida a Tsafe. Ta ajiye rariya, ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Mi kay yi?"

"Inna, ban yi komai ba. Takarda ce za su ba ni, ta shaidar cewa ban taɓa yin komai ɗin ba."

Ma'aikacin jinya ne, kuma wani asibiti a ƙasar Larabawa ya yi masa tayin aiki. A cikin takardun da suka nema har da wadda matasa ke kira kiliyarans, wato shaidar 'yan sanda cewa kotu ba ta taɓa kama mutum da laifi ba. Yayata ta daɗe tana juya maganar. A saninta, mutum ba ya miƙa yatsu goma a gaban ɗan sanda sai in ta ɓaci. Daga ƙarshe ta ce, "To su tambayi liman mana. Su tambayi mai unguwa. Wa bai san gidanmu ba?"

Maganarta ba ta rashin sani ba ce. Da irin wannan shaidar Bahaushe ya ci kasuwar Afirka ta Yamma shekaru aru-aru. Falke ya isa Salaga ko zangon Kumasi ko Sabon Ibadan, ba wanda zai ce masa ina takarda. Tambayar ita ce gidan wa ya sauka. Maigidan da ya sauke shi shi ke tsaya masa, shi ke lamunce masa shanu ko goro bashi, in kuma ya ci amana sunan maigidan ne zai zube, labari ya riga shi komawa gida. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan ya rubuta littafi a kan wannan tsari a 1969. A watan Nuwamba na shekarar nan ce kuma gwamnatin Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Mutanen da aka haifa a zango, waɗanda kowa ya san kakanninsu, suka ɗaure kaya suka hau manyan motoci. Shaidar Sarkin Zango ba ta tsayar da motar kowa ba.

Yau takardar na fitowa ne daga sashen binciken manyan laifuka na rundunar 'yan sandan Najeriya, wanda babban kundinsa na masu laifi yake Alagbon, a Ikoyi ta Legas. Tun 2022 ana cike buƙatar ta intanet a tsarin POSSAP, a biya kuɗi, sannan mutum ya je da kansa a ɗauki hotonsa da yatsunsa. Samun ta rabin aiki ne. Ƙasashe da dama ba sa karɓa sai ma'aikatar harkokin waje a Abuja ta buga mata hatimi, ofishin jakadancinsu ya ƙara nasa. Ga ta da gajeren kwana: wata uku take yi ta mutu.

Ga mazaunin Abuja wannan zirga-zirgar kwana biyu ce. Ga ɗan Tsafe ko Bungudu, kowane hatimi yana nufin bin titin Gusau zuwa Funtuwa, ta Wanzamai da 'Yankara, hanyar da direba ke duba agogo kafin ya tayar da mota, fasinja kuma ke kiran gida yana neman a yi masa addu'a. Ɗan yayata ya bi ta, ya kammala komai, ya aika. Masu ɗaukarsa aiki suka yi jinkiri. Wata rana da dare ya kira ni, muryarsa a ƙasa: "Kawu, takardar ta mutu, biza ba ta fito ba." Ya sake bin hanyar, da kuɗin da uwarsa ta sayar da tumaki biyu ta haɗa masa. Kafin nan wani ejan ya same shi da cewa ba sai ya wahala ba, ya turo hoto da kuɗi kawai, jibi takarda ta fito. Yaron ya tambaye shi yadda za a yi takardar yatsu ba tare da yatsun ba, mutumin bai sake kira ba.

Ba Larabawa kaɗai ke nema ba. Tun Afrilun 2017 Ingila ta wajabta wa masu zuwa aikin lafiya da koyarwa da kula da gajiyayyu su kawo shaida daga duk ƙasar da suka zauna wata 12 ko fiye a cikin shekara goma da suka wuce. Kanada na neman ta daga duk inda mutum ya yi wata shida a jere tun ya cika shekara 18, idan zaman dindindin yake so. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta gindaya sharaɗin a ranar 4 ga Fabrairun 2018, ta dakatar da shi a farkon Afrilu. Daga baya ma, a Oktoban 2022, ta rufe wa 'yan Najeriya ƙofar biza gaba ɗaya har zuwa Yulin 2024.

Ni ban ga laifinsu ba. Mu da ba ma ba da 'ya aure sai an aika an binciki asalin yaro da halinsa, ba mu da bakin cewa kada wani ya bincika kafin ya damƙa tsohuwarsa marar lafiya a hannun baƙo. Abin da ke damuna shi ne nauyin takardar kanta. Ba ta cewa wane mutumin kirki ne. Iyakar abin da take faɗa shi ne an duba kundi ba a ga sunansa ba. Darajarta ke nan ta rataya a kan darajar kundin.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, a sashe na 16, ta ce a kafa kundin a hedikwatar 'yan sanda da kowace jiha, kuma a aika da hukuncin kowace shari'ar laifi cikin kwana 30. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin magatakarda a ƙaramar kotun karkara, ya ga fayiloli ɗaure da zare a jibge bisa kabad, zai iya auna nisan da ke tsakanin wannan ɗakin da Alagbon. Wannan ma ga wanda aka kai kotu ke nan. A Yulin 2022, da rana tsaka, aka naɗa Ado Aleru Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji, cikin ƙaramar hukumar Tsafe, alhali tun 2020 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan biyar ga wanda ya taimaka aka kama shi. Gwamnatin jiha ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin, amma labari ya riga ya zagaya duniya. A Satumban 2023 kuma aka kwashi ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga masaukinsu a Sabon Gida, ƙasar Bungudu. Kundin hukunci ba ya sanin wanda bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, ko da gari goma ya tasa.

To yanzu a duba jami'in biza a wata ƙasa, fasfo a gabansa, wurin haihuwa an rubuta Tsafe. In ya buga sunan garin a intanet, abin da zai fara gani ke nan. Ba zai ga kwalejin kimiyyar lafiya da ta horar da yaron ba, ba zai ga manoman da ke biyan haraji ga 'yan bindiga kafin su girbe gonarsu ba. Wake ɗaya ya ɓata gari, kuma mai gaskiya ba shi da abin kare kansa sai wannan takarda. Idan masu karɓarta sun san kundin da ke bayanta mai rauni ne, za su karɓa su ajiye gefe, su ƙaro wasu sharuɗɗan. Ɗan daji ba ya neman aikin jinya a Doha. Wanda ke biyan kuɗin raunin kundinmu shi ne ɗan da ya yi karatu.

Namu kundin mai mantuwa ne. Na ƙasashen da muke zuwa ba ya mantuwa, kuma nan ne 'yan uwanmu mazauna waje suka fi shan wuya. Duk wanda ya sauka a Jidda ko Madina an ɗauki yatsunsa. Kowa a Gusau ya san wata da ta tafi Umara ta zauna, ta zama takari, tana aikatau tana turo kuɗin da aka yi wa ƙannenta aure da shi. Ran da aka kama ta, tarhil za a kai ta, wato gidan tsare waɗanda za a kora, a Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda, a sake ɗaukar yatsun, a sa ta jirgi, a rufe mata ƙofa na shekaru. Mai igama, wato takardar izinin zama, ma bai tsira ba: in kafili, ubangidan da ya ɗauki nauyinsa, ya hana shi albashi ya bar gidan, kafilin na iya kai rahoton hurub, wato ma'aikaci ya gudu, nan take wanda aka zalunta ya koma mai laifi. Gyaran da Saudiyya ta yi wa tsarin kafili a Maris ɗin 2021 bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, kuma a nan ne mafi yawan mutanenmu suke. A 2017 an ba da afuwar kwana 90 ga marasa takarda su fita ba tara ba hani. Wasu sun fita. Da yawa sun zauna, don ba su ga abin da za su dawo su tarar ba.

Tarkon yana bayyana ne bayan shekaru. Matar da ta yi shekara shida a Jidda ba igama, ta dawo, ta yi karatu, ta sami hanyar Ingila ko Kanada, za a ce ta kawo shaida daga kowace ƙasa da ta zauna. Wa zai ba ta? Ko wanda ya zauna bisa ƙa'ida, shaidar 'yan sandan Saudiyya ta fi sauƙin samu yana cikin ƙasar igamarsa da rai. In ya yi fitar ƙarshe bai karɓa ba, sai ya koma lallashin masu biza da kwafin hatimin fita da wasiƙar tsohon maigida. A nan ne shaiɗan ke raɗa wa mutum ya ɓoye zaman, ko ya sake fasfo da sabon suna da sabuwar ranar haihuwa. Suna yana sakewa, zanen yatsa ba ya sakewa. A Ingila, ƙarya a takardar neman biza kan jawo hanin shiga har shekara goma.

Wani lokaci ma tabon ba na mutum ba ne. A Disambar 2018 aka kama wata ɗaliba mai karatu a Kano a Madina saboda jakar ƙwayar tramadol da aka liƙa wa sunanta. Sai da binciken hukumar NDLEA ya gano gungun ma'aikatan filin jirgi ne suka yi aikin, sannan aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. Ita ta sami masu tsaya mata har fadar shugaban ƙasa. 'Yar Bungudu da ubanta manomi ne fa?

Abin da nake roƙon gwamnatin Zamfara da babban alƙalin jiha bai kai gina gada tsada ba: kowane hukuncin laifi, na majistare ne ko na kotun shari'ar Musulunci, ya shiga kwamfuta ya isa kundi, kuma wanda aka wanke a rubuta an wanke shi. 'Yan majalisarmu na tarayya su nemi a kawo hatimin ma'aikatar harkokin waje kusa, don kada yaro ya sa ransa a titin Funtuwa sau biyu a kan tambari ɗaya. Ƙungiyoyin 'yan jiha da ke Makka da Jidda da Dubai kuwa, kamar yadda suke haɗa kuɗin jana'iza, su riƙa zaunar da sabon zuwa su gaya masa: riƙe kwafin igamarka da kwantiraginka, kada ka ɗauki jakar kowa, kuma kada ka baro ƙasa ba ka karɓi shaidar 'yan sandanta ba.

Takarda ta biyu ta riski biza da rai. Ana gobe zai tafi Kano ya hau jirgi, yayata ta tura shi ya yi sallama da liman da mai unguwa. Da dare ta sa aka nemo lambar wani mutumin Tsafe da ya shekara ashirin a can, ta karɓi wayar da kanta, suka gaisa doguwar gaisuwa, ta ce ga ɗanta nan tafe. Mutumin ya tambayi ɗan wane gida ne. Ta faɗi sunan kakan yaron.

"Ashe jinin Malam ne," in ji shi. "Ki ba ni lokacin saukar jirgin, Hajiya. Ni zan ɗauko shi."